Baba Tanko Mai Fenti da Baƙin Layin Wuyana

Ranar Talata, 14 ga Afrilu, 1987, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Tanko mai fenti a gidansa da ke Yelwa, bayan doguwar jinyar tari. An yi masa sutura bayan azahar. Ni labarin bai iske ni ba sai washegari a bakin ruwan Wara, daga bakin wani mai jirgi da yake sauke buhunan gishiri. Ya faɗa mini a tsakiyar hira kawai, domin bai san matsayin mutumin nan a wurina ba. Kafin bakina ya buɗe, hannuna ya riga ya kai wuyana. Daga Allah muka fito, gare Shi kuma za mu koma. A kan wannan magana dai babu jayayya tsakanin masallacinku da majami'armu.

Baba Tanko, ni ne Ɗangana, Bakambaren nan na Tungar Marke da kake kira ɗan tudu. Na san wasu za su ce, ina Kirista ɗan ƙauye ina rubuta ta'aziyyar mai fentin Yelwa, ba dangin iya ba na baba? To su saurara, in gaya musu.

Duk wanda ya shiga mota daga Yelwa zuwa Kwantagora, ko ya hau jirgin ruwa zuwa Wara, ya ga aikin hannunka ko bai san naka ba ne. Kai ne kake zana furanni a jikin manyan motoci, kana rubuta wa jirage sunaye. Amma kowa ya san dokarka: ba ka zana abu mai rai. Direbobi sun sha roƙonka ka yi musu zaki ko ɗawisu a bayan mota, sai ka ce su je Kaduna, can akwai masu ƙarfin hali.

Sau ɗaya ka karya wannan doka, kuma ba don son ranka ba. A lokacin muna da wani fada Bature, mutumin ƙasar Ailan, Fada Birandan, wanda muke kira Jan-kunne saboda yadda ranar Wara take gasa masa kunnuwa. Shi ne ya taɓa tsintar matarka, Inna Kulu, a kan hanya ranar da maciji ya sare ta, ya sa ta a motarsa ya kai ta asibiti, ya kuma zauna har ta farfaɗo. Da muka gama gina majami'armu a sabon matsuguni, bayan ruwan dam ya cinye tsohon garinmu, sai Fada ya ce yana son tagar da ke fuskantar tafki ta zama ta gilashi mai launi, irin na majami'un garinsu. A can Ailan za a yanka gilashin, amma sai an fara zana hoton a takarda daidai girman tagar, a aika musu su bi. Ya ce kuma ba ya son fuskokin Turawa. Yana son almajiran Almasihu a cikin jirgi lokacin guguwa, da fuskokinmu, mu da muke shiga wannan ruwa kullum. Ya zo wurinka, kai kuwa ba ka iya kallon idon mutumin da ya ceci Inna Kulu ka ce masa a'a.

Ina wurin ranar da ya warware maka wata tsohuwar takarda da ya zo da ita daga gida don ka ga yadda ake yi. Ta fi mutum tsawo, da gawayi aka zana ta. Mutanen cikinta duk an keta su da baƙaƙen layuka masu kauri, a kafaɗa, a wuyan hannu, a gwiwa. Fada ya yi bayani da Hausarsa mai ɗingishi, ya ce ba a yin taga da gilashi guda, guntu-guntu ake yankawa, kowane da launinsa, sannan a haɗa su da dalma, irin wadda muke sa wa bakin birgi, ragar kamun kifi, don ya nutse. Duk inda baƙin layi ya bi, nan dalma za ta bi. Kai kuwa kullum gilashinsa daban ne, shi ya sa kowane mutum yake da layi a wuya. Ka daɗe kana kallo, sannan ka ɗora yatsa a kan layin wuyan wani mai gemu, ka ce, "To, in da wanga layi ne, zan iya." Sharaɗi ɗaya ka kafa, cewa ba za ka taɓa fuskar Annabi Isa ba. Fada ya ce a bar gurbinsa fari a gaban jirgin, can za su cike.

Mu uku aka zaɓa: Dogo, da Ɗanladi, da ni. Dogo don ƙirjinsa, Ɗanladi don gemunsa, ni kuwa ka ce don ba ka taɓa ganin fuskar da ta iya tsoro kamar tawa ba, kuma hoton yana bukatar matsoraci guda. Aka yi ta dariya, har da ni. Muka riƙa zama a gindin marken da ke gaban majami'a kana zana mu, kana gyara kuskure da tsakiyar burodi kamar yadda Fada ya koya maka, kana mita wai Bature ya sa ka ɓarnar abinci.

Ranar da aka baje takardar a gaban jama'a, gari ya ɗauki sowa. Ga Dogo sak, ga Ɗanladi har da giɓinsa, ga ni na ƙwalalo ido. Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba, tsohuwar Dogo, wadda ba ta taɓa barin addinin kakanni ba. Ta matso da sandarta, ta duƙa, ta ce, "Wa ya yanka mini ɗa?" Fada ya yi ta bayanin dalma, ita kuwa ta juya ta tafi tana girgiza kai.

Kafin a aika da takardar, ciwon shawara ya kwantar da Fada, aka mai da shi ƙasarsu. Aka naɗe ta aka sa a saman rufin majami'a, ana jiran ya dawo.

Da faɗuwar damina iska ta taso wa Dogo a tsakiyar tafki, jirginsa ya daki kututturen ɗaya daga cikin itatuwan da ruwa ya binne. Dogo fa, wanda yake ninƙaya kamar kada. Da aka tsamo shi, igiyar komarsa ta kamun kifi ce naɗe a wuyansa. Na ga idanu suna zamewa daga gawar suna sauka a kaina da Ɗanladi. Ɗanladi ya yi ta maza, ya ce ruwa ya saba cin mutane tun kafin a haifi mai fenti. Bazara na kamawa sanƙarau ya shigo yankinmu. Ɗanladi ya kwanta, wuyansa ya sandare ya karkace baya, bai sake miƙewa ba. Sanƙarau ya ɗauki wasu ma a shekarar, na sani, kuma na sha gaya wa kaina haka. Amma zuciya ba ta jin wannan lissafi. Mu uku ne a takarda, biyu sun tafi, kuma duk ta wuya.

Baba, ba na jin ko kai ka san irin zaman da na yi a watannin nan. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, to ni wane ruwa zan shafa? Masu jirgi suka daina ɗaukata, kowa yana tsoron kada ajalina ya haɗa da shi. Wanzamin garinmu, wanda yake yi mini aski tun ina ƙarami, ya ce in yi haƙuri, ba zai sa aska kusa da maƙogwarona ba. Matata Marka ta kwashe duk wata igiya da ke gidan, har ta shanya, ta kai gidan uwarta. In na shiga kasuwa sai a riƙa yi mini sannu a hankali, irin wadda ake yi wa majinyaci. In ƙayar kifi ta ɗan tsaya mini a maƙoshi, sai gumi ya karyo mini, in ce shi ke nan, ta zo. Ina zuwa majami'a in durƙusa in yi addu'a, alhali na san abin yana naɗe a saman kaina. Na ji tsoro, wallahi na ji tsoro, irin wanda yake hana abinci wucewa.

Dattawa suka zauna a kan takardar. Wasu suka ce a ƙone ta, sai wani ya ce in ta ƙone Ɗangana ma ya ƙone. Aka ce a jefa ta tafki, aka ce to an nutsar da shi ke nan. A yage ta? Wannan ya fi muni. Da aka rasa yadda za a yi da takarda, sai fushi ya koma kan wanda ya zana ta. Samari suka fara cewa maye ne, Bature ya saye shi don ya kama kurwar mutane, kuma duk ranar da ya sake taka Tungar Marke sai dai uwarsa ta haifi wani.

An kai maka wannan magana har Yelwa, an ce kada ka kuskura. Sai ga ka ranar kasuwar Wara, tsakar rana, ka sauko daga jirgi kai kaɗai, da 'yar jakarka da madubin babur a hannu. Ina tsaye na ga samari sun kewaye ka da sanduna. Ba ka ɗaga murya ba. Ka ce a sauko maka da takardar. Ka shimfiɗa ta a gindin marke, ka danne gefunanta da duwatsu, ka jingina madubin, ka ɗauki gawayi. A bayan jirgin, inda babu kowa, ka fara zana wani mutum riƙe da filafilin tuƙa jirgi. Kafin a jima aka ga hularka, aka ga tabon da ke goshinka, aka ga kai ne. Sannan ka danna gawayin ka ja layi a wuyanka, ka sake bi, ka sake bi, har ya fi na kowa kauri.

Ka miƙe kana karkaɗe hannu, ka ce, "Jama'a, dalma ce, ba wuƙa ba. Amma in kun ce kisa yake yi, to ga ni na shiga jirgin. Ni ne babba, da ni zai fara." Ka juyo gare ni. "Kai ɗan tudu, muddin ka ji ina yawo a duniya, ka ci tuwonka ka yi barci."

Sanduna suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Ka naɗe takardar ka saɓa a kafaɗa, ka ce a gidanka za ta zauna. Kafin ka hau jirgi sai da ka je ka gai da tsohuwar Dogo, ka durƙusa a ƙofar ɗakinta, ta ƙi amsawa, ka gama gaisuwarka ka tashi. Daga baya kai ne ka gyara jirgin Dogo ka yi masa sabon fenti, don matarsa ta riƙa ba da shi haya ta ciyar da marayu. Tsohuwar ta rasu ba ta san hannun wa ya yi aikin ba, domin ka hana a faɗa mata.

Daga ranar nan raina ya rataya a jikin naka. Kowace kasuwa sai na tare masu jirgin Yelwa in tambaye su, "Mai fenti yana nan?" In suka ce yana nan, sai in ji numfashina ya sauka. In wata ya yi nisa ban gamsu ba, sai in shirya in zo da kaina, in fake da sayen ƙugiya. Kana hango ni daga rumfarka sai ka kwashe da dariya, ka ce, "Ɗan tudu ya zo duba ko na mutu! Ban mutu ba, zauna ka sha fura." Ba ka taɓa gajiya da ni ba. Da aka haifa mini ɗa kai ka aiko da rigarsa ta farko. Da fara ta cinye gerona, buhun da ya fitar da mu shekara daga rumbunka ya fito. Fada bai dawo ba, mun ji ciwon ne ya zama ajalinsa a can. Gilashi bai zo ba, har yau zanar ciyawa ce ta rufe tagar.

A irin wannan zuwa ne na tambaye ka abin da ya daɗe yana cina: me ya sa ranar farko ka ce in da layin ne za ka iya? Sai na ga dariyar ta bar fuskarka. Ka ce Modibbon da ya karantar da kai ya gaya maka cewa duk wanda ya zana abu mai rai, ranar tsayuwa za a ce masa ya hura masa rai, ba kuwa zai iya ba. Amma ya ce in an raba kai da gangar jiki, hoton bai cika halitta ba, da sauƙi. Ka ce, "Ka gani? Layin da ke hana ka barci, ni da shi nake samun barci. In ba don shi ba, da mi zan tsaya gaban Ubangijina?" Muryarka tana rawa. Ranar na gane cewa ba ni kaɗai takardar nan take bai wa tsoro ba, kuma naka tsoron ya fi nawa nisa, domin nawa iyakarsa kabari.

Bana da sanyi ya fara janyewa, mai jirgi ya ce mini mai fenti yana nan amma ya daina fitowa rumfa. Tun daga bakin ruwa wuyana ya fara ciwo. Na dawo gida na kasa juya kai. Marka ta dube ni, sai na ga ta sake tattara igiyoyi. Duk abin da na ɗauka ya mutu shekaru da suka wuce ya taso da ƙarfinsa. Ni ne na gaba, babu sauran kowa tsakanina da ajali sai wani tsoho mai tari.

Na zo Yelwa da safe. Na same ka kwance a tabarma a inuwar ɗaki, ka rame har tabon goshinka ya fito fili. Ka dube ni, ka ga yadda na riƙe wuya, ka ce, "Wannan karon ka kusa yin daidai." Na so in yi dariya, kuka ya zo. Ka ce wa Inna Kulu ta jawo takardar daga ƙarƙashin gado, ta kuma kawo burodi. Ita ta ɗauka yunwa kake ji, har ta yi murna.

Muka baje ta a ƙasa. Ta yi ja, gara ta ɗan taɓa gefe, amma muna nan mu huɗu a cikin guguwa. Ka sa na tallafe ka ka zauna. Ka ɓare burodin, ka murza tsakiyarsa, ka ɗora a kan wuyana na takarda ka fara gogewa. Inna Kulu ce ta fara ganewa. Ta dafe ƙirji ta ce, "Malam! Ka san abin da kake yi kuwa?" Ka ce, "Na sani, Kulu. Yaron ga ya daɗe bai yi barci ba, ni kuwa tafiya zan yi, ba mai tsare mishi gaba." Na kama hannunka na ce ka bari, na ce na yarda dalma ce, na rantse na yarda. Ka ce, "Bakinka ya yarda, wuyanka bai yarda ba. Cire hannunka."

Ka daɗe kana yi, tari yana tsayar da kai, kana komawa. Gawayin ya kama takarda, bai fita duka ba, sai ka mai da ɗan duhun da ya rage inuwar haɓa. Ka haɗa kan da jikin da hannunka, a hankali, har ya zama mutum cikakke, babu yanka ko ɗaya. Naka layin kuwa ka bar shi yadda yake. Ka koma ka kwanta kana haki, ka ce in tafi gida in ce wa Marka ta mai da igiyar shanyarta.

Ban sake ganinka ba. Da mai gishirin nan ya ba ni labari hannuna ya kai wuyana kamar yadda ya saba, na taɓa, na ji babu ciwo. Ina cin abinci, na je wurin wanzami ya yi mini aski har maƙogwaro. Amma tsoro bai bar ni ba, Baba, wuri kawai ya sake. Yanzu in na tuna abin da Modibbonka ya gaya maka, da yadda muryarka ta yi rawa ranar nan, sai tsoron ya taso mini. Abu ɗaya ka riƙe don ranar tsayuwarka, ka goge shi da hannunka saboda wani Bakambare matsoraci wanda ko alƙiblarku ba ɗaya ba. Ni ba malami ba ne, ban san hukuncin ba. Na tambayi wani malami a Wara, ya ce rahamar Allah ta fi ilminsa faɗi. Da wannan nake riƙe.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Kulu, wadda ta ga abin da na gani. Inna, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya sa ki gama lafiya. Ina yi wa Abdullahi da Binta da sauran 'ya'yan Malam da jikokinsa gaisuwa, Allah Ya albarkaci bayansa, Ya haɗa kanku. Ina gai da direbobin tashar Yelwa da masu jiragen Wara, waɗanda suke yawo da furanninsa. Abdullahi, takardar da ka ce in zo in ɗauka, zan zo, kuma ba a saman rufi zan ɓoye ta ba.

Allah Ya jiƙan Malam Tanko, Ya gafarta masa, Ya yalwata kabarinsa, Ya sa alherin da ya shuka ya tarye shi. Ya Ubangiji, Kai ne Ka san abin da ke zuciyarsa lokacin da ya ɗauki burodin nan. In ranar ta zo, aka ɗaga wannan hoto aka ce masa ya hura masa rai, ina roƙon Ka a kira ni. Zan taso daga duk inda nake in tsaya kusa da shi in ce, ga ni, ni ne na cikin takardar. Kai Ka hura mini rai tun farko, shi kuwa bawanKa bai yi komai ba sai hana tsoro ya ƙwace mini wannan rai. Ka ji ƙansa, ya Allah. Amin.